Ɗan Ruwa Biyu Ko Ɗan Gari? Tambayar Asali A Birnin Shehu

A ƙarshen daminar 2022 ne ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya dawo daga wata ta'aziyya a gabashin Sakkwato, ya shigo zaurena a Mabera ya zauna, bai ce uffan ba har aka kira magariba. Sai da muka idar da salla sannan ya ba ni labari. A kan hanyarsu ta dawowa wasu 'yan sa-kai suka tsayar da motar hayar da ya shigo, suka bi fuskokin fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, suka ce shi kaɗai ya sauko. Laifinsa bai wuce farar fata da dogon hanci da laushin gashi ba. Suka tambaye shi daga wace ruga ya fito, ya ce shi malamin makaranta ne a cikin birni. Suka ce ya yi Fulatanci su ji, ya rantse masu ko gaisuwa bai iya ba. Ba don Allah Ya sa akwai wani tsohon ɗalibinsa a cikinsu da ya shaida shi ba, Shi kaɗai Ya san yadda ranar za ta ƙare.

Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne, da ni ne a cikin motar babu wanda zai dube ni sau biyu, domin ni baƙi ne wuluk, kakarmu na ɗebo. Ciki ɗaya muka fito, nono ɗaya muka sha, amma idon mai bindiga ya raba mu ƙabila biyu.

Bari in fayyace wa mai karatu salsalarmu, domin na tabbata gidaje da yawa a birnin nan za su ga kansu a ciki. Kakanmu na wajen uba Batoranke ne, malamin zaure, wanda ya gaji littattafai ya kuma gaji labarin cewa kakanninsa daga Futa Toro suka taso. Matarsa Ba'adara ce daga yankin Tawa. Kakanmu na wajen uwa Bagobiri ne mai tsage a kumatu, daga ƙasar Sabon Birni. Matarsa kuwa, uwarta Buzuwa ce. Akwai kuma wata kakar kakanni da aka sa a ɗaka, wadda har yau babu wanda ya taɓa gaya mana daga wace ƙasa aka kamo ta. To, idan aka miƙo mani takarda mai gurbi ɗaya aka ce in rubuta ƙabilata, wane ne daga cikin waɗannan bayin Allah zan ɗauka, wane zan binne a karo na biyu?

Na taɓa yi wa kakarmu Ba'adara wannan tambaya ina yaro. Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Mi kaka nema? Kai ɗan Sakkwato na." A lokacin na ɗauka kauce wa tambayar ta yi. Sai da na girma na gane ita ce ta ba da amsar da ta fi ta masu digiri.

Mu ba mu ne farau ba a wannan ruɗani. Akwai al'ummomi a duniya da ake kira Kiriyol, kuma labarinsu madubi ne a gare mu. Kalmar ta samo asali ne daga harsunan Fotugal da Sifen, daga aikatau mai ma'anar reno, kuma tun farko tana nufin wanda aka haifa aka rena a sabuwar ƙasa, ba wanda jirgin ruwa ya kawo ba. An kira ɗan Bature haifaffen can da ita, an kuma kira ɗan bawa haifaffen gidan ubangijinsa da ita. Mai jin Hausa zai tuna da kalmarmu ta bacucane, wato bawan da aka haifa a gida, wanda ya tashi da harshen gida da al'adar gida. Tun daga tushe ke nan, kalmar tana magana ne a kan inda aka haifi mutum da yadda aka rene shi.

Mu ɗauki Kiriyo na ƙasar Saliyo. A 1787 aka kwaso wasu baƙaƙen fata matalauta daga Landan aka zaunar da su a gaɓar tekun da daga baya ta zama Freetown. A 1792 wasu 'yantattun bayi suka iso daga Kanada, a 1800 wasu suka biyo baya waɗanda asalinsu daga Jamaika ne. Daga 1808 kuma jiragen yaƙin Ingila suka riƙa tare jiragen masu fataucin bayi a teku suna sauke mutanen ciki a nan: Yarbawa da Ibo da Nufawa da Barebari da Hausawa, wasunsu ma yaƙe-yaƙen zamanin jihadi ne suka jefa su hannun fatake. Wani Bajamushe mai suna Koelle ya zauna da waɗannan mutane ya tattara kalmomin harsuna fiye da 100 a gari ɗaya, ya buga su a littafi a 1854, har da Hausa da Fulatanci da Barbarci. Kafin ƙarnin ya ƙare, jikokinsu sun zama al'umma guda mai harshenta da abincinta da salon aurenta. Galibinsu baƙaƙe ne kamar maƙwabtansu Mende da Temne. Abin da ya bambanta su tarihi ne da harshe. A yau su ƙalilan ne a ƙasar, amma harshensu shi ne na kasuwa da titi a faɗin Saliyo.

A jihar Luwiziyana ta Amurka kuwa, wadda Faransa ta sayar a 1803, shekara guda kafin hijirar Shehu zuwa Gudu, akwai Kiriyol farare, akwai baƙaƙe, akwai wankan tarwaɗa. Faransanci da ɗariƙar Katolika da girki suka haɗa su. Sai dokar Amurka ta zo da kwando biyu kacal, na farare da na baƙaƙe, ta ce dole kowa ya faɗa ɗaya. A 1892 wani Bakiriyole mai suna Homer Plessy, wanda ɗaya ne kawai cikin iyayen kakanninsa takwas baƙar fata, ya shiga taragon farare a jirgin ƙasa da gangan domin ya ƙalubalanci dokar, aka kama shi. A 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta ba dokar wariya gaskiya. Al'umma mai tarihi da harshe aka mayar da ita launi. Abin da ya sami Plessy a tashar jirgi, ɗan'uwan abin da ya sami ƙanena ne a bakin hanya.

A nan ya kamata mu rarrabe abubuwa uku da muke cakuɗawa a zancenmu na yau da kullum, wato launi, da asali, da ƙabila. Launi da siffar jiki gado ne na halitta, kuma ba ya bin doka: a ɗaki ɗaya sai ka ga fari ka ga baƙi. A kansa ne Turawan ƙarni na 18 da na 19 suka gina zancen jinsi, suka kasa 'yan Adam gida-gida, suka sa kansu a sama. Binciken ƙwayoyin halitta da aka kammala babban zangonsa a 2003 ya nuna cewa 'yan Adam sun yi tarayya a kusan kashi 99.9 cikin 100, kuma bambancin da ke tsakanin mutanen Afirka su ya su ya fi na kowace nahiya yawa. Asali kuwa lissafin zuriya ne, kuma mu a nan ta wajen uba kaɗai muke ƙirga shi. Wanda ya koma baya kaka goma yana da magabata har 1,024 a wannan matakin, amma ɗaya tak yake ambata, sauran 1,023 an yi shiru da su, alhali jininsu na yawo a jikinsa. Ita ƙabila, harshe ce da al'ada da zaman tare, da kuma yarda, mutum ya ce shi na mutanen ne su kuma su ce nasu ne. Shi ya sa ake shiga ƙabila, ake kuma fita daga cikinta.

Tarihin ƙasar Hausa cike yake da masu shiga da masu fita. Wangarawa sun zo Kano daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, suka narke. Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka yi fice a fataucin goro zuwa Gwanja, daga ƙasar Buzaye asalinsu yake, kuma daga cikin Agalawa ne Alhassan Ɗantata ya fito. Wa zai ce shi ba Bahaushe ba ne? Kambarin Barebari sunansu ma ya faɗi inda suka fito. Ta ɗaya ɓangaren, Abakwariga na ƙasar Wukari Hausawa ne da suka daɗe cikin Jukunawa har suka rikiɗe. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, wanda ya shugabanci jami'ar Sakkwato, ya yi bayanin wannan ƙarfi na Hausa wajen haɗiye baƙo a littafinsa na 1978 kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma. Ko tatsuniyar Bayajida da muka karanta a firamare, ai labarin baƙo ne da ya auri 'yar gari. Kafin jihadi ma, mutanen wannan yanki sun fi sanin kansu da Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa da Adarawa da Arawa, kowa da tsagarsa da sarautarsa, kuma sun sha gwabzawa da juna.

Su ma Fulani ba daga ƙwarya ɗaya suka fito ba. Torankawa, dangin Shehu Usmanu, gidan malanta ne, kuma kakansu Musa Jakollo ya zauna a ƙasar Ƙwanni ƙarnoni kafin a haifi Shehu a Maratta a 1754. Duk tsawon wannan zama, da wa suke maƙwabtaka, da wa suke ciniki? Sulluɓawa kuma, masana tarihi da dama sun danganta asalinsu da mutanen ƙasar Mali, sai zama da Fulani ya sa suka ɗauki harshensu. Wato kamar yadda ake zama Bahaushe, haka ake zama Bafulatani.

Jama'ar Shehu kanta haka take. Malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya je har Agadas ya yi karatu a wurinsa, ba Bafulatani ba ne. Malam Abdussalami na Gimbana, wanda harin da Gobir ta kai wa mutanensa yana cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi, Ba'are ne. Malam Agali, Buzu ne. Yakubun Bauchi, mai tuta, Bagere ne. A Tabkin Kwatto a 1804, akwai Hausawa da Fulani a rundunar Shehu, akwai kuma Buzaye da wasu Fulani a rundunar Yunfa. Da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, birnin baƙi ne ya kafa, kuma sunayen unguwanni shaida ne: Gobirawa, Nufawa, Zoramawa, Gidaɗawa, ga na masu sana'a kamar Marina da Majema da Takalmawa. Bello ne kuma ya bi manufar zaunar da Fulani makiyaya a garuruwan ribaɗi irin Wurno, ya kwaɗaitar da su noma da karatu. Wanda ya bar ruga ya shiga gari, ya auri 'yar gari, 'ya'yansa harshen uwa da na kasuwa za su tashi da shi.

Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma da Hausa jajojinta suka karantar da matan karkara a tsarin 'Yan Taru. Ita da ƙanenta Isa suka mayar da waƙoƙin mahaifinsu daga Fulatanci zuwa Hausa, domin sun ga inda harshen jama'a ya dosa. Dubi kuma majalisar masu zaɓen Sarkin Musulmi: Waziri daga Larabci, Galadima daga Barno, Arɗo daga Fulatanci, Magaji da Barade daga Hausa, ga Sarkin Adar na Ɗunɗaye a cikinsu. Sardauna Ahmadu Bello, jikan gidan Shehu, da Hausa ya yi siyasarsa, da Hausa Ɗanƙwairo ya yi masa waƙa. Shehu Shagari, mai asalin Fulani, da Hausa ya rubuta Waƙar Nijeriya. Idan akwai birnin Kiriyol a ƙasar Hausa, to wannan ne, sai dai mu ba mu raɗa wa abin suna ba, Basakkwace kawai muke cewa.

Amma kada mu yaudari kanmu da cewa duk wannan cuɗanya da lalama aka yi ta. An yi bauta a ƙasar nan, kuma sunan Runjin Sambo yana tuna mana da rinjin bayi. Jini da yawa ya haɗu ne ta hanyar sa-ɗaka, inda ba a tambayi mace ra'ayinta ba. Kalmar Haɓe ta daɗe tana ɗauke da raini a bakin wasu. Malam Abdussalami da na ambata ya yi tawaye a Kware a 1817 bayan rasuwar Shehu, yana kukan ba a yi masa adalci a rabon ƙasa ba, kuma Bello da kansa ya adana wasiƙun da suka yi musaya a littafinsa Sardul Kalami. Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi sun yi shekaru suna yaƙar Sakkwato. Har gobe akwai gidajen da ake binciken asalin mai neman aure fiye da halinsa, akwai kuma masu zagin ɗan ruwa biyu da barbarar yanyawa. Wanda ya ce yana jin ciwon wannan tarihi, ba ƙarya ya yi ba, kuma ba a warkar da miki da rufe shi.

Sai dai akwai bambanci tsakanin wannan tsohon miki da gubar da Turawa suka zuba a kansa bayan sun ci Sakkwato a 1903. Su ne suka zo da ra'ayin cewa Fulani wani jinsi ne na daban, masu kusanci da farar fata, waɗanda aka halitta domin mulki, sauran kuma domin biyayya. Ra'ayin ya yi masu amfani, domin ya halatta mulkinsu ta hannun sarakuna. Irin wannan zance ne aka yi a Ruwanda a kan Tutsi da Hutu, mutanen da ke magana da harshe ɗaya, har Beljiyam ta rubuta wa kowa ƙabilarsa a katin shaida a cikin shekarun 1930. A 1994 da wannan kati, da kuma duban hanci da tsawo, aka riƙa tantance wanda za a yanka a shingayen hanya. Duk mai hankali idan ya ji labarin shinge da duban hanci, ya kamata gabansa ya faɗi.

Ita kuwa kalmar Hausa-Fulani da ake ta ce-ce-ku-ce a kanta, ba a bakin kakanninmu muka ji ta ba. Daga rubuce-rubucen Turanci da siyasar neman mulkin kai ta yaɗu. Duk da haka ta dace da miliyoyin mutane irina, waɗanda ba za a iya tsage su biyu ba sai an zubar da jini. Inda ta gaza shi ne inda aka mayar da ita bargo aka lulluɓe Bafulatanin ruga da manomin Gobir, alhali kowannensu yana da harshensa da kukansa, kuma dukkansu an bar su babu makaranta babu asibiti babu adalci a kotu. Masu cewa su Hausawa ne zalla suna da 'yancin kiran kansu abin da suka ga dama, haka ma Bafulatanin da ke kishin harshensa. Abin da ba su da shi shi ne 'yancin auna jinin wani. Dubi yadda na waje ke ganinmu ma: a Sudan, jikokin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru suka wuce gabas bayan Burmi, da Hausawansu da Fulaninsu, duk Fallata ake kiransu. A zangunan Gana kuma duk Musulmin da ya fito daga arewa Bahaushe ne.

Masifar 'yan bindiga da ta taso daga Zamfara tun wajen 2011 ta malalo gabashin Sakkwato tana da dalilanta sanannu: cinye burtali da makiyaya, satar shanu, zalunci a wajen shari'a, kwararowar makamai bayan rushewar Libiya, da sakacin hukuma. A watan Oktoban 2021, 'yan sa-kai sun kashe Fulani a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa, kuma a cikin watan nan 'yan bindiga suka kashe gomman mutane a kasuwar Goronyo. Wanda ya kashe a Goronyo mai laifi ne, wanda ya kashe a Mamande mai laifi ne, kuma kowannensu da sunansa. Fulani da yawa su ne farkon waɗanda aka kwashe wa shanu, kuma a cikin masu kai wa 'yan bindiga rahoto da mai da abinci akwai waɗanda ba su san ko kalma ɗaya ta Fulatanci ba. Duk ranar da muka ɗora laifin mutum a kan fuskar ƙabilarsa, mun ba mai laifin mafaka, mun kuma miƙa marar laifi ga wuƙa.

Kirana ga 'yan'uwana masu ilimin zamani ne, domin mu ne ke rubutu a jaridu, mu ne ke magana a rediyo, 'ya'yanmu ne ke yaɗa zance a wayoyinsu. Mu daina furta kalmar zalla a kan asalin ɗan Adam, domin babu mai iya kawo hujjarta. Sassan tarihi na jami'o'inmu da gidan adana tarihi na Waziri Junaidu su taimaka a rubuta tarihin unguwanni da gidaje da Hausa, da daɗinsa da ɗacinsa, a kai shi makarantu. Malamanmu su yawaita tunatarwa da aya ta 13 ta Suratul Hujurati, wadda ta bayyana hikimar rarraba mutane dangi-dangi da kuma ma'aunin fifiko a wurin Allah. Hukuma kuma ta sani cewa duk wanda ta bari ya riƙe makami a bakin hanya, alhakin abin da ya aikata yana wuyanta. Kakanninmu da suka ƙirƙiro wasan taubasantaka tsakanin Bafulatani da Babarbare, da Bagobiri da Bayarabe, sun san cewa bambanci yana nan, sai suka nema masa hanyar dariya maimakon ta takobi.

Tun daga ranar nan ƙanena bai sake bin waccan hanya ba. Kwanan baya ɗansa na fari ya kawo takardar neman shiga makaranta, ya nuna mana gurbin ƙabila ya ce me zai rubuta. Uban ya dube ni, na dube shi. Na ce ya rubuta Hausa, tun da shi ne harshen da yake mafarki da shi, amma in ya gama ya zo ya zauna in lissafa masa kakanninsa duka, har da wadda ba mu san sunan garinsu ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.